Iyakokin Fadama a Cikin Matacciyar Kwamfuta

Da hannuna na ƙona takardun, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Kawuna na Argungu shi ne ya san iyakar kowace gona a fadamar danginmu. Duk shekara ruwa kan malale ya shafe kunyoyi, in ya janye sai kawu ya shiga da sandarsa yana nunawa, kowa ya yi shiru ya kama shuka. Da ƙafa ta fara gaza masa, sai ya ce in zo in rubuta. Wata biyu ina zarya, yana faɗa ina rubutawa da ajami, in koma shagona a Gesse in buga a kwamfuta. Lokacin jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba, mai kwamfuta a Birnin Kebbi abin kallo ne, ni ma kuwa ina ji da kaina.

Kowane shafi da Bisimilla na buɗe shi. Takarda mai sunan Allah ba a barin ta ta yi yawo, a taka ko a ƙunshe ƙosai da ita. Da na gama bugawa sai na tara takardun ajamin na cinna musu wuta, kamar yadda aka koya mana. Ban fitar da ko shafi ɗaya daga kwamfutar ba, wai sai na gyara kurakurai tukuna.

Kwana huɗu bayan haka na danna maɓallin kunnawa, kwamfuta ta ƙi tashi.

Na ɗauke ta sai wurin alhajin da ya sayar mini. Ya sa aka buɗe, aka ce babban allon cikinta ne ya ƙone, wanda suke kira madabod. Alhaji mutum ne mai gudun haram, bai ja ni da gardama ba.

"Malam, zaɓi biyu na," in ji shi. "Ko in ba ka kuɗɗinka, inji ya koma Legas dud da abin da ag ga cikinai. Ko in cire allon in aika ma kamfani su gyara, rubutunka shi tsaya nan. Amma wata biyu, wata ukku, ban sani ba. Jibi mota za ta tashi."

A lokacin ruwa ya cika fadama, saura kamar wata biyu ya janye. Akwai 'yan uwanmu gida biyu, na gabas da na yamma, da suka taɓa zare wa juna lauje a kan taku uku na ƙasa, kawu ne ya raba su. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Yayana ya ce, "Amshi kuɗɗinka tun bai sake shawara ba. Kawu na nan da rai, shi sake hwaɗa maka." Maganarsa da hankali. Washegari na hau mota zuwa Argungu da sabon littafi a aljihu.

Na tarar da kawu a zaure, ya rame. Ban iya gaya masa abin da na yi ba, cewa na yi ina son in tabbatar da wasu wurare. Ya fara tiryan-tiryan daga gindin giginya. Da ya kai gonar da aka yi rigima a kanta, sai ya ba gidan gabas abin da a da ya ce na gidan yamma ne. Na sake tambaya, ya faɗi wani abu na uku. Daga nan ya dube ni ya ce, "Wa ya aiko ka?"

Na rufe littafin. Wato abin da kawu ya sani ya bar kansa, yana cikin injin da ba ya tashi.

Da sassafe na je na ce wa alhaji a aika gyara. Yayana ya ce taurin kaina ya fi na jaki.

Jiran ya ci ni. Kullum sai na bi ta shagon alhaji, tun yana ba ni haƙuri har ya koma girgiza kai daga nesa. Ruwa ya fara sauka, tudu ya fara leƙowa. Gidajen nan biyu kowanne ya aiko yana tambayar takarda, ni kuma ina cewa an kusa. Har aka ce wani ya kafa turke inda ba nasa ba.

Allon ya iso ana saura kwanaki a fara shuka. Aka ɗaura, na danna da Bisimilla, na kau da kai. Da na juyo, rubutun yana nan. Ban gyara kuskure ko ɗaya ba, na fitar da kwafi biyar nan take.

A zauren kawu na karanta, dattawan gidajen biyu suna zaune. Babu wanda ya yi musu, don sun ji irin maganarsa ce, har da "taku bakwai na mutum matsakaici". Kawu yana ta gyaɗa kai. Da na kai ƙarshe ya jawo hannun rigata.

"Mai wagga magana ya san hwadama," in ji shi. "Ɗan wane gida na?"