Hasken da Ido Ba Ya Gani

Edita, ni tsohon malamin makaranta ne da ya yi karatu a hannun 'yan mishan, inda ake dukan yatsun yaro saboda waƙafi ɗaya da ya manta. Da wannan tarbiyya na tsufa, da ita kuma na zo Riyad bayan na yi ritaya, wani kamfanin gine-gine a Dir'iyya ya ɗauke ni tafinta tsakanin injiniyoyi da leburori Hausawa, yawancinsu mutanen Maraɗi da Damagaram. Mushe suke kirana, kamar yadda suke kiran malamin boko a can, a bayan idona kuwa Mushe Sake-Faɗa, domin ba na barin magana ta wuce a karkace.

Mai kula da lafiyar ma'aikata wani injiniya ne da ya taɓa aiki a tashar lantarki ta nukiliya a ƙasarsu. Nakan tsare shi da tambayoyi lokacin shan shayi, shi kuma ba ya ƙosawa. Ya bayyana mini cewa a can ba a dogara da kariya guda: in famfon da ke sanyaya tukunyar nukiliyar ya tsaya akwai na biyu, in wuta ta ɗauke akwai janareto, bayan duk wannan ga katanga mai kaurin gaske, ga atisaye a kai a kai. Tsarin ya burge ni ƙwarai, har na ɗauka ni da shi jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Da aka zo ɗaukar hoton cikin waldar bututun ruwa, da wata na'ura mai ɗauke da ƙwayar sinadari irin na nukiliya, sai aka ce in gargaɗi mutanena. Na ƙi aron kalmar Turanci ko ta Larabci, don a ganina hakan kasala ce. Na zaɓi "haske mai cutarwa", na sa suka yi ta maimaitawa har babu mai tuntuɓe: in an ja jar igiya akwai haske, kada kowa ya tsallaka.

Wata rana an kira azahar, wani magidanci mutumin Maraɗi ya tuna butarsa tana bayan igiyar. Ya tsallaka, ya ɗauko. Nan take jiniya ta ɗauka, aka mayar da ƙwayar cikin akwatinta, aka tara mu wuri guda. Na hau shi da faɗa a gaban jama'a. Ya bari na gama, sannan ya ce wallahi ya tsaya ya duba da kyau, yadda ake yi wa hasken walda, bai ga ko ƙyalli ba. In Mushe ya ga haske, ya taimaka ya nuna masa. Wani daga baya ya ce wataƙila sai da tabarau irin nawa ake ganinsa. Sauran kuwa suka tabbatar cewa su ma haka suka fahimta.

Ni na raka shi asibiti. Likita ya ce sai an ɗebi jini an sake ɗiba kafin a san abin da ya shiga jikinsa. A hanyarmu ta komawa unguwar Suwaidi, magidancin ya tambaye ni a hankali ko zai ƙara haihuwa, domin haka ya ji abokansa suna raɗa. Na ce masa mu jira sakamakon likita. Kwanakin jiran nan ban ji ɗanɗanon abinci ba. Allah Ya taƙaita: bai matsa kusa ba, bai kuma daɗe ba, likita ya ce abin da ya same shi kaɗan ne, ya koma bakin aikinsa.

Tun daga ranar na daina gyara bakin mutane, na koma tambayarsu abin da suka hango a ransu. Yanzu nakan ce abu ne da ba a gani, ba a ji, ba ya wari, yana ratsa nama ya ɓata jini. Jimlar doguwa ce, ba ta da kyau, malamaina da sun ja mata jan biro, amma babu wanda ya sake tsallaka igiya. Ina jan kunnen duk wanda aka ɗora wa fassara gargaɗi, a asibiti ko a ma'aikata: kada daɗin kalma ya ruɗe ka, domin jikin wani ne zai ɗauki kuskurenka. Har yau ina neman sunan wannan abu da Hausa, ban samu ba, kuma na gwammace in rasa da in sake ba shi sunan da ba nasa ba.