Kayan Yaya Lawan a Ƙarƙashin Kanta

Duk wanda ya saba bin layin teloli a Hayin Banki ya san shagon Abdurrahim ko da bai taɓa leƙawa ba, domin tun daga bakin kwata ƙamshin mangwaro da na'a-na'a ke tarar mutum. Shagon ɗan tsukuku ne, in mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya tsaya a waje ya miƙo wuya. Shishar aljihu yake sayarwa, wato 'yar na'urar nan mai batir da ake zuƙa a feso farin hayaƙi, tare da ruwanta na kwalba-kwalba da batura da auduga. Dattawan layin ba su taɓa ƙaunar sana'ar ba, wasu ma in sun zo wucewa sai sun toshe hanci. Amma ko su in hira ta biyo ta kansa sukan ce, mutumin nan dai ba ya sayar da jabu. Wannan shaidar ita ce jarin Abdurrahim, ba shi da wani da ya fi ta.

A Kurmin Mashi aka haife shi, ɗan ma'aikacin gwamnati ne, irin gidan da ake goge takalmi a jera tun ranar Lahadi. Ya yi karatu har difloma, ya yi ta zagayen ofisoshin cikin gari da takarda a hannu har dunduniyar takalminsa ta cinye, aiki ya ce ɗauke ni inda ka ajiye ni. Abin da ya samu a yawon nan shi ne ƙwarewa a sigari, wadda dama tun yana sakandare ya fara sha a sace a bayan katanga. Kafin ya yi aure leɓensa ya yi baƙi ƙirin, tari kuwa in ya taso masa da asuba sai ka ce tsohon janareta. Da matarsa Nafisat ta samu cikin fari, ko rigarsa ba ta iya shaƙa sai ta yi amai, har ta kai ga a tsakar gida yake cin tuwonsa. A wannan lokacin ne wani abokinsa da ya dawo daga ƙasar waje ya yi masa tsarabar shishar aljihu. To, ban ce magani ce ba, ita ma hayaƙi ce, kuma babu likitan da zai tsaya ya yi mata shaida. Amma dai Abdurrahim ya ajiye sigari, kuma bai koma ba.

Daga nan abin ya shiga ransa fiye da kima. Mutum ne mai shegen son kwance-kwance tun yana ƙarami, rediyon babansa ma bai tsira ba. Sai ga shi ya koyi naɗa kwayil da hannunsa, wato siririyar wayar da ke ɗaukar zafi ta mayar da ruwan hayaƙi. Yakan gasa wayar da laita har ta yi ja, ya naɗe ta a jikin ƙusa, ya zura auduga, ya datse da almakashi kamar mai gyaran gashin baki. In ka ba shi na'ura ya jinjina a tafin hannu, ya murɗa kanta sau ɗaya, zai gaya maka ko orijina ce ko jabu. Kuma ba ya gajiya da bayani cewa bambancin ba a kwali yake ba, ba a fenti yake ba. Orijina in ta yi zafi tana kashe kanta da kanta, jabu kuwa babu ruwanta, sai ta ci gaba da dahuwa ko a aljihun wa take. Da 'yan kuɗin gadon da ya samu bayan rasuwar babansa ya kama shago, ya sa kafinta ya yi masa kantar gilashi mai makulli.

Ana cikin haka jabu ya cika gari. Kai jama'a, ban taɓa ganin ɓarna irin wannan ba. A tashar Kawo a baro ake tura su tare da caja da gilashin ido, kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya, har da ɗan tambarin da ake kankarewa da farce don a gane na gaske, shi ma an yi jabunsa. Kuɗi kuwa ko rabin na Abdurrahim bai kai ba. Sai samari su zo shagonsa su cika masa benci, su sa ya buɗe kanta, su ɗanɗana wannan su ɗanɗana wancan, su sha karatu kyauta, sannan su miƙe su ce za su dawo. Ina! Tasha suka nufa. In abin ya fara yoyo a aljihu, ko ya ƙona musu maƙogwaro, to nan ne za ka gan su sun dawo suna sosa ƙeya, wai ya taimaka ya duba musu. Ya ce musu araha ba ta ado har bakinsa ya gaji, ya ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, su kuwa dariya suke yi su ce Malam Abdurrahim akwai wa'azi. Takaici yakan cika shi har ya kasa cin abinci, amma ya gyara musu, domin ba ya iya ganin kwayil a karkace ya ƙyale.

Mutum ɗaya ne ke sanyaya masa rai, shi ne Labaran, wani direba Bakatsine da ke jigila tsakanin Kawo da Katsina. Shi Labaran da, kafin ya kai Funtuwa ya kusa ganin bayan kwalin sigari, fasinja mata har roƙonsa suke ya sauke gilashi. Abdurrahim ya manne masa kamar ƙaska, yau nasiha gobe gori, har ya yarda ya gwada. Da kansa ya zaɓar masa na'ura, da kansa yake naɗa masa kwayil, ya kuma ja masa kunne kada ya kuskura ya sayi ko batir a tasha. Labaran ya yi kusan shekara biyu bai kunna ashana ba. A tasha in abokansa suka zolaye shi da tsadar abinsa, yakan ce shi abin da bai fito daga hannun Abdurrahim ba, ba ya kai shi baki.

Rannan da hantsi sai ga Lawan, wan Nafisat, ya sauko daga Keke Napep rungume da kwali. Shi Lawan ba ƙaramin mutum ba ne a wurin Abdurrahim. Shi ya riƙe Nafisat bayan mutuwar iyayensu, shi ya sa ta a makaranta, shi ya ba da aurenta bai tsawwala ko kaɗan ba. Ko ido Abdurrahim ba ya iya haɗawa da shi, sai dai ya rusuna ya gaishe shi. Ɗan kasuwa ne irin na yau atamfa gobe taliya, duk abin da ya ji ana rububi sai ya saro. Ya dire kwalin a kan kanta, ya ce ya ga harkar nan tana tafiya, shi ne ya ɗauko kaɗan daga Legas, a ajiye masa a nan tunda ga shago a gida. Har farashi ya faɗa da ƙarfi, yadda Alhassan tela na shagon gefe ya ji ya leƙo yana sa albarka.

Abdurrahim bai ma buƙaci jinjinawa ba, warin gam ɗin da ya bugo shi da aka ɗaga murfi ya isa. Da ƙanen Nafisat ne, da cikin raha zai kore shi har da ranƙwashi. Amma wan mata, a gaban maƙwabci, a ce masa kayansa na jabu ne?

"To, Yaya, Allah ya kawo kasuwa," abin da ya iya cewa ke nan.

Da Lawan ya tafi sai ya tura kwalin ƙarƙashin kanta da ƙafa, ya ƙudurta a ransa ko ɗaya ba zai fita ta hannunsa ba. In an kwana biyu zai ce kasuwa ce ta ƙi, Yaya ya zo ya kwashe abinsa, kowa ya tsira da mutuncinsa. Ya gaya wa Nafisat ko za ta yi masa magana ta bayan gida, ta ce ita wallahi ba da bakinta ba, mutumin da ya zame mata uwa da uba. Aka bar maganar a nan, kwali ya ci gaba da zama yana tokare masa gwiwa.

To, al'adar layin ita ce in an kira salla ana yin karɓa-karɓa, wani ya tafi masallaci maƙwabcinsa ya duba masa shago, in ciniki ya zo ya yi masa. Wata la'asar Abdurrahim ya kulle kantar gilashi ya jefa makulli a aljihu kamar kullum, domin abin da yake ji da shi a ciki yake. Kwalin Lawan kuwa, wa zai ɓata makulli a kan shara? Ya ce wa Alhassan ga shago nan, ya wuce. Ko sahu bai gama daidaitawa ba Labaran ya faɗo layin a guje, motarsa ta cika a tasha fasinja na jira, na'urarsa kuma ta suɓuce masa taya ta bi ta kai. Alhassan ya ja kanta ya ji ta a kulle, sai ya tuna da kayan Yaya Lawan. Shi da ya san zare da allura, ina ruwansa da wata orijina? Ya ciro ɗaya mai kyalli ya miƙa masa. Labaran ma bai tsaya dubawa ba, tunda daga shagon Abdurrahim ta fito.

Da Abdurrahim ya dawo, Alhassan ya tare shi da fara'a yana cewa yau ya buɗe wa Yaya kasuwa. Ya tambayi wanda ya saya, Alhassan ya ce direban nan ne Bakatsine. Nan take ya kira Labaran a waya, ya same shi sun wuce Maraban Jos, ana jin ƙugin iska. A nan ne fa, wallahi, haushin Abdurrahim ke kama ni har yau. Kalma uku ce kawai, jabu ce, jefar. Amma ta yaya mai wa'azin shekara da shekaru zai buɗe baki ya ce akwai jabu a shagonsa, ga kuma Alhassan tsaye a kansa, wanda kafin magariba zai kai wa Lawan labari? Sai ya hau kame-kame, wai kada ya cika ja da ƙarfi, wai in ya dawo ya kawo a duba masa. Labaran ya yi dariya ya ce tana aiki lafiya lau, har ta fi tsohuwar hayaƙi.

Bayan an wuce Zariya na'urar ta kama da wuta a aljihun wandon Labaran, yana kan gudu. Allah ya kiyaye, motar ta sauka gefen titi ta tsaya a cikin wata gonar masara, babu wanda ya rasa ransa. Amma cinyar Labaran ta soye, wando ya manne da fata, sai da ya yi jinya a gida wajen iyalinsa. Labari kuwa ya riga shi dawowa Kawo. Masu baro har murna suke, suna cewa ashe mai orijina ma irin namu yake sayarwa, tsada ce kawai ya fi mu. Samarin da ke cika benci suka ɗauke ƙafa. Abdurrahim ya kira wayar Labaran ya fi a ƙirga, ba a ɗauka. Lawan da ya ji, cewa ya yi tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, ya kuma tambaya ko sauran sun fara tafiya.

Sai da aka kwana da yawa sannan Labaran ya bayyana, yana ɗingishi, sanye da zani a ƙarƙashin doguwar riga don wando ba ya sawuwa. Ya yi sallama, ya zauna a bakin benci ya miƙe ƙafar, ya ciro wani ƙonannen ƙarfe daga leda ya ajiye a kan gilashi. Abdurrahim ya yi masa jaje, ya rantse, ya kwashe labarin kwalin tun daga farko ya gaya masa. Labaran ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba.

"Ba tela nake tambaya ba, ba kuma surukinka ba," in ji shi. "Lokacin da ka kira ni a hanya, ka san ko mece ce?"

"Na sani."

Labaran ya gyaɗa kai kawai. Abdurrahim ya buɗe kanta, ya ciro wadda ta fi kowace tsada, wadda shi kansa yake ƙyashin sayarwa, ya ce ya riƙe kyauta, zai naɗa masa kwayil yanzu-yanzu. Labaran ko kallonta bai yi ba, ya ce ya gode, a bar wa masu rabo. Ya dafa bango ya miƙe, ya tsallaka kwata da ƙyar zuwa wurin mai tebur na tsallaken layi, ya sayi sigari guda ɗaya. Ashanar mai tebur ta sha damina, ya ƙyasta ya ƙyasta ta ƙi kamawa. Sai ya juyo ya dawo bakin shagon da sigarin a leɓe.

"Malam Abdurrahim, ara mini laitar nan taka ta gasa waya."

Abdurrahim ya dube shi, ya dubi laitar da ke kusa da almakashi. Ya ɗauka ya miƙa masa. Labaran ya kunna, ya ja dogon numfashi, tarin nan na da ya taso masa har ya dafe cinya. Ya ajiye laitar a kan gilashi a hankali, ya kama hanyar tasha yana jan ƙafa. Abdurrahim ya koma ya zauna, gwiwarsa ta bugi kwalin Yaya Lawan, yana nan inda yake.