Yadda Leƙau Ya Shiga Hoton Tauraro

Tun ranar da ɗan Gwaggo ya iya tsayuwa da ƙafafunsa, ba a sake ɗaukar hoto a danginmu babu kansa a ciki ba. Mai musu ya je ya buɗe akwatin Gwaggo ya duba. Hoton ango da amarya, ga kansa tsakanin kafaɗunsu kamar an dasa. Hoton fasfo na Kawu, wanda mutum ɗaya ake nema, sai da mai hoto ya gaji da sakewa saboda wani kunne da ke shigowa daga gefe. Har hoton ƙirjin da aka yi wa Kaka a asibiti, an ce likita ya daɗe yana juya shi, ya ce shi dai haƙarƙarin mutum biyu yake gani. Daga nan sunan Leƙau ya bi shi, har ya binne na yanka.

Wannan hali ne ya hana shi zama a wurin aiki. Ya yi shagon mai hoto, aka kore shi da masu karɓar hotunansu suka fara tambayar wane ne wannan mai washe bakin a bayansu. Ya yi jan waya a gidan talabijin, aka kore shi ranar da aka gan shi bayan mai karanta labarai yana gyara kwalar riga, ana tsakiyar sanar da rasuwar wani babban mutum. Matarsa, Uwar Biyu, ta ƙware a ɗaure kaya fiye da masu dako, don duk aikin da ya tafi, da ɗakin haya yake tafiya.

Sai Allah ya kawo aikin tashar tauraro. Tasha ce ta jami'a a bayan gari, gini ɗaya, da wani ƙaton faranti a kan rufi mai juya wuya shi kaɗai kamar mujiya. Mutanen wurin suna da ɗan tauraron ɗan'adam a sama, wanda bai fi kwalin takalmi ba. Aikinsa ya riƙa zagaya duniya yana ɗaukar gonaki da koguna, yana kuma auna hayaƙin da ke cikin iska. Shugabar tashar wata 'yar siririyar mata ce mai tabarau, kowa Dakta yake ce mata. Aikin ya zo da ɗaki biyu a bayan tashar, da famfo a ƙofa. Ranar da Uwar Biyu ta shimfiɗa jan kafet ɗinta a falo, ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

“Baban Biyu, ka ga kafet ɗin nan? Ya gaji da hawa mota. In ka sa aka naɗe shi daga nan, to gidanmu zai nufa, ni da yara muna biye da shi.”

“Haba, sai ka ce yaro,” in ji Leƙau.

Washegari Dakta ta kai shi bayan ginin ta nuna masa wani dandamalin siminti mai faɗin rabin filin ƙwallo, an raba shi gida huɗu, biyu fari fat, biyu baƙi ƙirin. Ta yi masa bayani a hankali. Idon tauraron yana gajiya kamar na mutum, don haka duk bayan 'yan kwanaki, in ya biyo ta kansu da hantsi, sai ya kalli dandamalin. Su sun san iyakar farin farin nan da baƙin baƙin nan. In tauraron ya ga daidai, lafiya lau. In ya ga wani abu dabam, to ko idonsa ya fara lalacewa, ko akwai hayaƙi tsakaninsa da ƙasa.

“Naka shi ne shara da wanki da fenti,” ta ce. “Ranar wucewarsa kuwa, ko ganye kada ya kwana a kai. Ba akuya, ba kaza, ba mutum.”

“Wato hoto yake ɗauka, ranki ya daɗe?”

“Hoto yake ɗauka.”

“Na nan wurin?”

“Na nan wurin. Kai kuma ka tabbatar babu kowa a ciki.”

Jama'a, an ba kura ajiyar nama.

A gaskiya ya yi ƙoƙari. Ya share dandamalin nan har siminti ya fara neman afuwa. Ya kori awaki, ya kori tantabaru, ya taɓa bin inuwar shaho da tsintsiya. Amma duk ranar wucewa, in Dakta ta shige ɗakin kwamfuta ta rufe ƙofa, sai ya je can bakin dandamalin, inda doka ba ta kai ba, ya tsaya ya ɗaga kai sama ya washe baki yana ɗaga hannu. Ba a ganin tauraron da rana, don haka bai san lokacin da zai daina ba. Yakan yi ta murmushi har haƙoransa su bushe, leɓensa ya manne a kansu. Tsohon mai gadin tashar yakan juyo da kujerarsa musamman don kallo.

Gwaggo ce ta ɓata lamarin. Ta zo ganin jikoki, ya zagaya da ita yana ta cika baki, mu ne muka harba, mu ne muke juya shi. Ta saurara har ya gama, ta dubi tsintsiyar da ke hannunsa.

“To ina hoton?”

“Wane hoto, Inna?”

“Kai da ka shiga hoton ƙirjin uwata, yau ga mai hoto a sama yana wucewa ta kanka, an ce aikinka ka kauce? Ashe akwai wanda ya fi ƙarfinka. Allah na gode maka da ka nuna mini.”

Da safe Leƙau ya shiga ofis da bokiti a hannu kamar mai neman abin gogewa, ya yi ta kewaye-kewaye har Dakta ta ce ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce dama so yake ya ga yadda yake fitowa. Ta yi dariya, ta buɗe masa hoton a kwamfuta. Ga dandamalin nan, ɗan mitsitsi, fari da baƙi. Ta yi ta kumbura shi har ya farfashe ya zama ɗigo-ɗigo masu kusurwa huɗu.

“Ka ga kowane ɗigo ɗaya? Faɗin ɗaki guda ne a ƙasa. Mutum bai isa ya cika shi ba. Kai a wurin tauraron nan, da kai da babu duk ɗaya.”

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Wata da watanni yana yi wa sama murmushi, ashe ko ƙyallinsa ba a gani. Ya ɗauki bokitinsa ya fito, amma kafin ya kai bakin famfo, magana ɗaya ta dawo masa. Faɗin ɗaki. Ya leƙa falo, ya ga jan kafet shimfiɗe daga bango zuwa bango. Abin nema ya samu.

Ana jibi tauraro zai wuce, aka sa shi ya sabunta farin fenti. Ya zuba shi da kauri, don yana son bayan hotonsa ya yi kyau. Ranar kuwa, Uwar Biyu ta kai yara rigakafi, Dakta ta shige ɗakinta, faranti ya fara juya wuya. Leƙau ya saka baƙar kwat ɗin aurensa, ya naɗo kafet ya saɓa a kafaɗa, ya ratsa ta gaban mai gadi.

“Ina zuwa da kayan mata?” in ji tsohon.

“Shanya.”

“Da kwat?”

“Baba, gadin ƙofa aka ɗauke ka ko gadin kwat?”

Ya baza kafet a tsakiyar farin gida, ya kwanta rigingine a kai, ya ware hannu da ƙafa don ya ƙara faɗi, ya saki murmushin da bai taɓa yi wa ɗan'adam ba. Rana ta gasa shi ta gaba, siminti ya gasa shi ta baya. Bai motsa ba sai da ya ga faranti ya sunkuyar da kai, don zuwa lokacin ya gano alamar tauraro ya wuce ke nan. Da ya zo naɗe kafet, sai kafet ya ce bai san zancen ba. Fentin nan mai kauri, samansa ne kawai ya bushe, zafi ya narkar da cikinsa. Da ƙyar ya ɓamɓaro shi, bayansa ya yi fari, dandamali kuma ya fito da jan gemu. Nan da nan ya kankare, ya shafe wurin da sabon fenti, ya mayar da kafet falo ya ɗora kujeru a kai. Ya ce shi ke nan, an binne.

Kwana biyu tashar ta rikice. Dakta ta ga tsakiyar farin ya yi wani ja-ja kamar idon mashayi. Ta fita ta duba dandamali, fari fat. Ta kira abokan aikinta na nesa, aka yi ta magana ta kwamfuta har muryarta ta dushe. Wani ya ce hayaƙin wata gobara ne, aka bincika babu gobara. Wani ya ce idon tauraron ne ya fara mutuwa, kuma ba a hawa sama da tsani a canja ido. Dakta ta daina cin abinci. Leƙau yana shara a bakin taga yana jin komai, ya san aikinsa ne, amma wani gefen zuciyarsa sai tsalle yake: an gan shi.

Uwar Biyu ce ta kammala aikin, ba da niyya ba. Ta ɗaga kafet za ta share ƙasa, ta ga bayansa. Leƙau ya rantse mata gwangwanin fenti ne ya zube lokacin da ya fitar da shi ya sha iska. Ita kuwa ba ta yi wata-wata ba, ta naɗe abinta ta ɗora a ka, sai ofis.

“Dakta, don Allah ko kuna da man da ke cire fentin nan naku? Dubi yadda ya yi mini da kafet.”

Ta warware shi a tsakar ofis. Dakta ta dubi kafet. Ta dubi kwamfuta. Ta cire tabarau ta goge, ta sake duban kafet.

“Kira mini mijinki.”

Ya shigo yana wuƙi-wuƙi. Kafin a tambaye shi ya fara: iska ce, ranki ya daɗe, wata irin guguwa. Mai gadi da ya biyo shi don kada a ba shi labari ya ce, “Ƙwarai, na ga guguwar. Da kwat ta zo.”

“Ka san kwana nawa ban yi barci ba?” in ji Dakta. “Saura kaɗan mu sanar da duniya tauraronmu ya makance! Ka tattara kayanka kafin ƙarshen mako.”

Uwar Biyu ta durƙusa ta fara naɗe kafet, irin naɗin da Leƙau ya sani, na hawa mota. Nan ido ya raina fata. Ya ba da haƙuri, ya haɗa da Allah da Annabi, ya ambaci 'yan biyu da famfo. Dakta ko gezau. Har ya kai ƙofa, sai hali ya ja shi ya juyo.

“Ranki ya daɗe, tunda dai an riga an ɗauka... ba za a wanke mini ko ɗaya ba?”

Don takaici ta buga masa shi a takarda, babba, ta zagaye jan wurin da biro, ta rubuta a ƙasa: WANNAN SHI NE ABIN DA AKA HANA. Ta manna a ƙofar tasha don wanda zai gaje shi ya gani.

Kafin la'asar labari ya gama dangi. Ai ɗan Gwaggo ya fito a hoton sama. Ranar wucewar tauraro ta gaba, wadda ita ce ranarsa ta ƙarshe, da hantsi sai ga mota cike da mu. Kawu da tabarmar roba, ƙannen Leƙau da zanen gado, wani da labulen shago, Gwaggo a gaba da bargo mai hoton damisa, kowa ya ci ado. Mai gadi ya ga Gwaggo ya buɗe ƙofa, don ba shi da ƙarfin faɗa da ita. Muka tsaya gaban takardar, Gwaggo ta kanne ido.

“Ina kake a ciki?”

“Ga ni nan, Inna. Wannan ɗigon da ya fi duhu.”

“Wallahi kai ne. Ga girman kan nan. To matsa, mu ma a ɗauke mu.”

Aka nufi dandamali. A nan ne Leƙau ya fahimci abin da ke shirin faruwa: duk dangi za su shiga hoton da shi kaɗai ya taɓa shiga, a kansa kuma aka kore shi. Ya zabura ya sha gabansu da doguwar tsintsiya.

“Wallahi duk wanda ya taka, sai na share shi! Kun san me ake kira idon tauraro? Kun san hayaƙi? Kawu, naɗe tabarmarka! Inna, ke kika haife ni, amma bargon nan ba zai sauka a nan ba!”

“Ni za ka ɗaga wa tsintsiya, ɗan nema?”

“Ba ke na ɗaga wa ba, damisar na ɗaga wa!”

Ya bi wannan, ya tare wancan, ya cafke zanen gado a iska kafin ya taɓa ƙasa. Ya tattara mu kaf ya tura ƙarƙashin rumfar mota, inda ko hular mutum ba za a hango daga sama ba, ya tsaya a bakinta yana huci har faranti ya sunkuya. Hayaniyar ta fito da Dakta, ta tsaya a kan matakala tana kallo. Hoton ranar, in ji ta daga baya, shi ne mafi tsabta da suka taɓa samu.

Ta kira shi gefe ta ce, “Na yi shekaru ina neman wanda zai tsare wurin nan tsakani da Allah, ban samu ba. Wanda zai tsare shi don baƙin ciki ma ya wadatar. Je ka ce wa matarka ta shimfiɗa kafet ɗinta. Amma in na sake ganin ko jan zare...”

“Ranki ya daɗe, ai wanda ya riga ya fito ba ya maimaitawa.”

Yana nan har yau, ya yi furfura a bakin dandamalin. Uwar Biyu ta sa an buga wa kafet ƙusa ta kusurwa huɗu. Gwaggo ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa ba. Takardar kuwa ya yi mata gilashi da firam, duk baƙon da ya zo sai ya tsayar da shi a ƙofa, ya rufe rubutun ƙasan da tafin hannu, ya nuna ɗigon ya ce a duba da kyau, a nan murmushi yake yi.