Hammar Mesa da 'Yan Tsakina

Maigidana direba ne, Ƙaura zuwa Shinkafi, kuma ba ya ganin abu a kasuwa ya ƙyale. Wata Alhamis ya dawo da ƙaramar mesa, wai wani gardi ya ba shi. Na yi faɗa har na gaji. Ya buga mata akwatin katako mai raga, ya ajiye a zaure, ɓera ɗaya a mako ya ishe ta. A hankali na saba, har nakan leƙa ta in na zo shara.

Surukata, Inna, ita ce ta rikita zaman. Ta zo daga Gurbin Bore jinyar ƙafa, ita kuwa Inna ba ta jure ganin mai rai da yunwa. Ranar da ta ga mesar ta haɗiye ɓera ta wage baki, sai ta kama salati. Ta ce hammar yunwa ce, alhakin dabba zai kama gidan. Ɗanta ya ce muƙamuƙi take gyarawa bayan haɗiya, haka macizai suke yi. Ta ce ita da ta goye shi zai koya wa hamma?

Lokacin kazata ta ƙyanƙyashe, kazar da na zo da ita daga gidanmu, na kuma ɗora rai a kan 'yan tsakin nan. Inna ta sa aka ba mesa ɗaya. Ta haɗiye, ta sake hamma. Wayyo ni! Mako na zagayowa aka ƙara wani. Takaici kamar ya kashe ni, ga kunyar suruka ta ɗaure mini baki.

Sai na shiga gadi. Da an ba mesa ɓeranta, in lulluɓe akwatin da tsohon zane, in ce haske ke damunta, in zauna ina ɗauke hankalin Inna da hira. Ana cikin haka wata rana hamma ta kubce mini, doguwa, ko baki ban rufe ba.

Inna ta dube ni, ta ƙwala wa ɗanta kira.

"Kana ciyar da maciji, ɗiyar mutane na hamma gabana? Kama kazar can ka yanka mata."

Na rantse na ƙoshi, ko kallona ba ta yi ba. Da ciwon ƙafarta ta dafa, ta tsaya a kaina sai da na cinye cinyoyin. Ina ci ina hawaye, ga miyar ta yi daɗi. 'Yan tsakin da suka rage kuwa, ni na zama uwarsu.