Akuyar Inna da Tukunyar Gadagi

A shekarar da nake koyon aikin ɗakin gwaje-gwaje, akwai darasin da ya hana ni cin abinci. Malaminmu ya kawo kwaɗo da aka cire wa ƙwaƙwalwa, ya mintsini yatsansa, sai ƙafar ta janye. Ya ce wannan aikin laka ne, wadda ke cikin ƙashin baya, ba ta jiran umarnin kai. Da ya ɗiga masa maganin da ke zaburar da jijiya, ko tebur aka ƙwanƙwasa sai duk jikin ya sanƙare. Na koma gida Ƙofar Kaura ina cewa wannan karatu ba shi da ranar amfani.

Ranarsa ta zo wata Asabar da hantsi. Yayana ɗan acaba ne, kullum sai ya dafa gadaginsa, ya zuba ganyen shayi kamar ba gobe, ya jefa wasu ƙwayoyin hana barci. Ran nan ya ajiye tukunyar ta huce a gindin rumfa. Akuyar Inna, ja mai tsohon ciki, wadda Inna ta raina tun tana shan nono a kwalba, ta tsinke igiya ta shanye tas. Akuya ce marar kunya, ko sabulu ba ta bari.

Kafin azahar akuyar ta zube, ƙafafu sun miƙe kamar muciya. Mu kuwa mutanen unguwa ba ma jin abu mu zauna. Mata suka cika gidan, wannan ta tafa hannu tana salati, waccan ta shafa bayanta tana "sannu, baiwar Allah". Duk taɓawa sai ta zabura ta ƙara sanƙarewa. Ina kallo sai na ga kwaɗon nan a gabana.

Hajiyar da ke maƙwabtaka da mu ta ce, "Mi kuke jira? A sa mata wuƙa tun ba ta zama mushe ba. Da babu gara ba daɗi."

Yaya ya ɗauko wuƙa. Gaskiyar Hajiya ce, in ta mutu ba yanka, an yi biyu babu. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, na tare gabansa na ce a ba ni ita. Na buga wa likitan dabbobi waya, ya ce yana ƙauye, a sa ta inda ba haske ba ƙara har ya iso.

Inna ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, in ta tahi hwa?"

"Inna, ban sani ba. Amma hayaniyar nan ce ke kashe ta."

Ta juya ta ce wa baƙinta su yi haƙuri su koma. Wanda ya san Inna ya san yadda wannan ya yi mata wuya, matar da ko mai tallan gishiri sai ta ba shi ruwa. Hajiya ta fita tana cewa boko ya hana mutane jaje.

Muka kwantar da akuyar a ɗakin hatsi, muka toshe taga da buhu. Yaya ya zauna a bakin ƙofa da wuƙarsa, da sharaɗin in numfashi ya fara yankewa zai shiga. Ni ina ciki, ko tari na ji tsoron yi. Babur ya wuce a lungu, ta zabura. Tsoro nake ji sosai, don na san karatuna bai wuce kwaɗo ɗaya ba.

Likita ya iso bayan la'asar ya yi mata allura, ya ce saura na Allah. Jikin ya riƙa saki a hankali. Can sai ta naɗe ƙafafu ta ɗaga kai, muƙamuƙinta ya fara juyawa. Tuƙa take yi! Inna ta rufe baki da mayafi tana kuka ba sauti, don har lokacin tana tsoron ƙara.

Yaya ya tashi zai mayar da wuƙa cikin kube, sai ya kasa. Hannunsa rawa yake yi, bakin wuƙar na ta kauce wa ramin. Ya dubi hannun, ya dubi ƙafar akuyar. Inna ce ta karɓa ta mayar masa.

Akuyar ta haifi 'yan biyu, Hajiya ce ma ta fara zuwa barka. Tukunyar kuwa tun washegari Yaya ya wanke ta ya kife, ya zo ya tsuguna kusa da murhu ya ce, "Inna, da sauran koko?"