Riga Ɗaya, Mu Biyu

Shekara tara na yi a ɗakin sanyi na wani kamfanin kifin ƙanƙara a Sharaɗa ban mallaki rigar sanyi tawa ba. Guda ɗaya kamfani ya ba mu, mu biyu, ni da wani dogon dattijo mutumin Damagaram da nake kira Baba. Ba a daɗewa a ciki. Ka shiga ka jera katan-katan ko ka turo su bakin ƙofa, in yatsunka sun daina jin komai ka fito, ka tuɓe rigar ka miƙa wa ɗan'uwanka. Haka muke yi daga safe har la'asar.

Rigar ta mutu tun tuni. Zif ya lalace, da igiya muke ɗaure ta. Amma kullum da ɗumi nake karɓarta, ɗumin jikin Baba, da warin man zafi. Yana miƙo min sai ya ce, "Ungo, na dafa maka ita."

Ni kuma in ce, "Baba, gishirin ya yi yawa." Zufarsa nake nufi.

Bara tari ya kama shi, ya ƙi saki. 'Ya'yansa suka zo suka tafi da shi gida. Lambarsa ba ta shiga tun daga lokacin. Ba a ɗauki kowa a gurbinsa ba, sai aikin ya zama ni kaɗai, in fito in sha rana kaɗan in koma. Bayan wata biyu ni ma na fara tari. Manaja ya kira ni ofis.

Ya ce, "Malam, ba ma son abin da ya samu tsohon nan ya maimaita. Ko ka nemi kayan sanyi na kirki, ko mu nemi mai ƙarfin ƙirji."

Na ce, "Kamfani fa, ranka ya daɗe?"

Ya ce an rubuta takarda, ana jira.

A shekaruna babu inda zan je. Ƙofofin kamfanonin Bompai da Challawa na san su, da ƙuruciyata ma na tsaya a bakinsu ba a buɗe min ba. Iyalina suna ƙauye a Jigawa, da wannan aikin suke ci. Ranar Lahadi na hau adaidaita sahu daga Ɗorayi zuwa wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai. Tsakiyar bazara ne, ana zafin da ko ƙadangare ya nemi inuwa.

Mai rumfar sa'ana ne, mai tumbi da yawan dariya. Da na faɗi abin da nake nema ya juya ya ce wa maƙwabcinsa, "Kai, zo ka ga wanda ya samu bizar Rasha!"

Na ce ɗakin ƙanƙara nake aiki. Sai ya bar wasan ya fara zaro kaya.

Wadda ta fi kowacce kauri na fara sawa, kamar katifa. Na sunkuya kamar zan ɗauki katan, rigar ta haye, bayana ya fito fili. Na cire. Baba ya sha gaya min sanyi ba ta ƙirji yake shiga ba, ta ƙugu yake shiga, lokacin da ka duƙa. Ta biyu mai gashi ce, irin mai shan ruwa. Ita ma na ajiye, don in ƙanƙarar katan ta narke a kanta, jiƙaƙƙen bargo za ka yini da shi. Mutane sun tsaya suna kallon wani yana ruku'u cikin rigar sanyi a rana tsaka. Ban kula su ba.

Can ya tono wasu daga ƙarƙashin tari, waɗanda ya ce tun da ya fasa dilar ba wanda ya taya. Riga ce da wandonta. Wandon yana hawowa har ƙirji, ana rataye shi a kafaɗa da maɗauri biyu, an yi masa soso a gwiwa. Ya fasa ledar ruwa ya zuba a hannun rigar, ruwan ya gangare bai bar alama ba. Ya nuna min zif a hammata na fitar da zafi.

Ya ce, "Na masu kamun kifi a kan ƙanƙara ne." Ya buɗe waya ya nuna min hoto. Tafki ne ya daskare fari fat, wani mutum yana zaune a kan bokiti, ya huda rami ya zura ƙugiya.

Na ce, "Shi kaɗai yake zama?"

"Shi kaɗai."

"Biyansa ake?"

"Ina! Nishaɗi ne."

Na daɗe ina kallon mutumin.

Saiti biyu ne. Ɗaya ya zauna min daidai, na duƙa, na durƙusa, na ɗaga hannu, babu inda ya buɗe. Ɗayan ya fi girma. Sai na ga ina naɗe babban.

Ya ce, "Malam, wannan ai iska za ta riƙa yawo a ciki. Ga naka can."

Na ce, "Hannun wancan zai yi gajarta."

"Ga wa? Yanzu fa ka gwada."

Na dubi wanda nake naɗewa. Hannun Baba nake aunawa. Na ajiye babban, na ɗauki nawa.

Kayan sun yi aiki. Tarin ya lafa cikin 'yan makonni, manaja bai sake kirana ba. Yanzu ina ninka lokacin da nake yi a ciki, gwiwata ba ta jiƙa, ƙuguna a rufe. Sai dai da safe in na zare su daga ƙusa, a sanyaye nake samunsu, ni zan ɗumama su da kaina. Tsohuwar rigar tana nan a ƙusa ta biyu. Mai shara ya tambaye ni sau biyu ko ya jefar, na ce ya bari tukuna.