An Rubuta Bulo, An Bar Isiyaku

Da yawanmu mun ɗauka rajistar wurin gini ta siminti da rodi ce kawai. Alhali doka ta ce a rubuta ma'aikata da duk haɗarin da ya same su.

Jiya na raka tsohon ɗalibina Isiyaku wurin ɗan kwangilar da yake wa leburanci a Yelwa. Ya faɗo daga gini ya karye a hannu, yana neman a ɗauki nauyin jinyarsa.

Mutumin ya buɗe littafi. "Malam, babu sunansa. Amma an rubuta faɗuwar."

Na ce, "Madalla. Me aka rubuta?"

"Bulo biyu sun fashe."

Samari, gobe kafin ku ɗauki kwanon siminti, ku ce a nuna muku sunanku a littafin. Ku dawo ku ba mu labari.